Ga ƙanenmu da aka gayyata tsohon gidan abincin Turawa a Landan

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce watanka biyu da zuwa karatu Landan, malamin da ke duba aikinka ya gayyace ka tare da sauran ɗalibansa zuwa wani tsohon gidan abincin gargajiyar Ingila a tsakiyar gari. Kana tsoron ka ci abin da bai halatta ba, kana kuma tsoron abin kunya, har ka fara neman uzurin da za ka kawo.

Kada ka kawo uzuri. Shekarata 11 a ƙasar nan, huɗu a Leeds, sauran a Landan, kuma na lura mutanen nan ba sa gayyata haka kawai. Maganar da malaminka ba zai yi maka a ofis ba, ta aiki bayan karatu ko ta wanda ya kamata ka sani a fanninku, sau da yawa a kan tebur take fitowa. Ka je, amma ka gama shirinka tun daga ɗaki.

Yau ɗin nan ka buɗe shafin gidan abincin a intanet, kusan dukansu suna sa jerin abincinsu da farashi. Sannan ka rubuta wa malaminka layi ɗaya, cewa ba ka cin naman alade, ba ka shan giya ko abin da aka dafa da ita, nama kuma sai na halal. Kada ka ji nauyi. A nan duk wanda zai kama tebur sai an tambaye shi ko cikin mutanensa akwai mai abin da ba ya ci, kuma za ka tarar cikin abokan karatunka akwai wadda ba ta cin nama sam, akwai wanda gyaɗa ke kai shi asibiti. Sai dai ka kula da abu guda. Dokar ƙasar ta tilasta wa masu abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da ciwo, irin su gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, alkama da kifi. Alade da giya ba sa ciki. Don haka takardar da za su miƙo maka in ka ce akwai abin da ba ka ci, ba za ta amsa tambayarmu ba. Sai ka buɗe baki ka tambaya: da wane mai aka soya, an sa giya a miya ko a ƙullu, akwai gutsattsarin alade a ciki. Ma'aikacin zai shiga kicin ya tambayo kuku ya dawo, ba wanda zai ɗaga kai ya kalle ka.

Abin da ya sa nake nanata wannan, ya taɓa cina. A shekarata ta farko a Leeds na saba da wani gidan kifi, kusan duk Juma'a ina sayen fish and chips, hankalina kwance, ai kifi ne da dankali. Sai da na yi watanni wani abokin aikina ɗan yankin ya gaya mini, cikin alfahari ma, cewa daɗin kifin wurin daga kitsen saniya yake, da shi suke suya kamar yadda aka gada a Yorkshire, yankin da Leeds take, ƙullun kuma da giya ake kwaɓa shi don ya yi ƙaras-ƙaras. Ranar ban iya cin abincin dare ba. Ba wanda ya yaudare ni, tambaya ce ban yi ba. Tun daga lokacin na gane cewa aladen da aka rubuta ɓaro-ɓaro a takarda ba shi ne abin tsoro ba, shi kam ka gan shi ka kauce. Abin tsoron yana cikin mai da romo da ƙullu.

Girkin gargajiyar Ingila girkin ƙasar sanyi ne, kitse ne ginshiƙinsa. Gasasshen dankalin da ke raka nama, da kitsen saniya ko na agwagwa ko na dinya ake gasa shi. Ɓawon fulawar da ake rufe pie da shi, wato nama ko wani haɗi da ake gasawa cikin ƙullu, a tsohon salo da man alade ake murza shi, wani kuma da kitsen ƙodar saniya. Romon nan mai ruwan ƙasa da suke kira gravy, daga ruwan gasasshen nama ake yinsa, galibi a ƙara jan giya. Ko kabeji da wake, wasu kukun sukan watsa musu ƙananan yankan alade don ƙamshi. Kalmomin da za ka riƙe su ne bacon, ham, gammon, lard, lardons, pancetta da crackling, duk alade ne. In ka ga ale, stout, sherry, port ko brandy a sunan abinci, giya ce.

Sunayen ma kansu suna rikita baƙo, musamman pudding. A bakinsu pudding na nufin kayan zaƙin da ake ci a ƙarshe. Amma black pudding jinin alade ne da aka cakuɗa da hatsi da kitse, steak and kidney pudding nama ne da ƙoda a cikin ƙullun kitse, shi kuwa Yorkshire pudding ƙullun fulawa ne da ƙwai da madara, ana zuba shi a kitse mai zafi ya kumbura kamar fanke mai rami a ciki. Scotch egg ma, da kake ganinsa kamar ƙwan da ake naɗewa a fulawa a gida, niƙaƙƙen naman alade ne a jikinsa.

Kan naman saniya da na rago da kaza, ka ɗauka cewa a irin waɗannan tsoffin gidaje ba yankan Musulmi ba ne, sai in su da kansu suka ce maka haka. Malamai sun yi saɓani kan naman ƙasashen ma'abota littafi a wannan zamani na mayankar inji, kuma za ka samu 'yan'uwa nagari a kowane ɓangare. Ni dai ba na ci. Nama bai yi wuya a garin nan ba, daga Whitechapel zuwa Peckham mahautan halal sun cika ko'ina, wasu da tambarin hukumomin tantance halal, HMC ko HFA, a ƙofa, ban ga dalilin da zan sa kaina cikin shubuha don dare ɗaya ba.

In gidan irin na naman daji ne, wannan sai ƙarin kula. Mafi shahara shi ne Rules da ke Maiden Lane a Covent Garden, wanda Thomas Rule ya buɗe a 1798, ana kuma kiransa gidan abinci mafi tsufa a Landan. Irin waɗannan gidaje suna bin lokacin farauta. Daga 12 ga Agusta ake fara harbin wani tsuntsu dangin makwarwa da suke kira grouse, a Satumba da Oktoba wasu tsuntsayen su biyo baya, ga kuma naman barewa da zomo. Da bindiga ake harbo su, a rataye su kwanaki don nama ya yi laushi, shi ya sa yake da wani ƙarfin wari da ba kowa ke iya ɗauka ba, wani lokaci har ka tauna ƙwayar harsashi. A gargajiyance kuma ana shimfiɗa wa tsuntsun yankan alade a ƙirji lokacin gashi don kada ya bushe. Ka kalli hotunan bango da tsoffin kujeru, ka sha tarihi, amma ka wuce shafin nan.

To me za ka ci? Kifi, kuma wallahi ba cin haƙuri ba ne. Ƙasar nan tsibiri ce, a kifi ne na fi ganin gwanintarsu. Akwai ma tsoffin gidajen da kifi ne sana'arsu, irin Sweetings da ke unguwar bankuna tun 1889, wanda rana kawai yake buɗewa a ranakun aiki. Sarkin kifinsu shi ne Dover sole, mai faɗi kamar tafin hannu biyu, a gasa shi da man shanu da lemon tsami, ma'aikacin ya tambaye ka ko a cire maka ƙaya. Ka ce a cire. Yana da tsada, don haka in wani ne zai biya ka dubi abin da sauran suka zaɓa tukuna. Akwai cod da haddock, fararen kifaye marasa ƙarni, akwai kyafaffen salmon da burodi mai ruwan ƙasa a matsayin buɗe baki, akwai ƙananan jatan lande na gaɓar Morecambe da ake daskarar da su cikin man shanu. Fish pie, wato kifi cikin farar miyar madara an rufe da markaɗaɗɗen dankali, yana cika ciki sosai, amma ka tambaya, don wasu na ɗiga farar giya. In ka ga kedgeree ka ɗauka da sauri, shinkafa ce da kyafaffen kifi da ƙwai da ɗan kori, daga Indiya Turawan mulkin mallaka suka zo da ita, ita ce mafi kusa da harshenmu. Dankali kuwa ka nemi dafaffe ko markaɗaɗɗe, ka huta da maganar kitse.

Na san za a ce maka abincinsu lami ne. Ni ma haka na ce da farko. Daga baya na fahimci tsarin ne daban: mu muna gama haɗa ɗanɗano a tukunya, su kuwa suna kawo abu kusan yadda Allah ya yi shi, kai za ka ƙarasa a farantinka. Shi ya sa kowane abu da abokin tafiyarsa. Rago da miyar na'a-na'a, kifi da ruwan khal da gishiri ko wata farar miya mai tsami, saniya da horseradish, wata saiwa da zafinta ba a harshe yake ba, hanci yake hawa har ka yi hawaye. Mastad ɗinsu mai ruwan ɗorawa ma haka yake, ka lakata kaɗan. Ka sa waɗannan ka ji bambanci. Ɗan ƙullin yajin da ke jakarka ka bar shi a gida wannan karon.

A kayan zaƙi ka nemi sticky toffee pudding. Kek ne na dabino mai ɗumi, ana kwarara masa narkakken sukari da man shanu, da kastad a gefe. Duk Bahaushen da na kai ya ci shi sai ya sake nema. Apple crumble ma lafiya lau. Trifle kuwa yawanci da sherry ake jiƙa shi, Christmas pudding da brandy, abin da ya daskare yana rawa kuma ka tambaya ko da gelatin aka yi, wato sinadarin daskarwa da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, har da alade.

Zaman tebur bai kai yadda kake zato ba. Ka isa da minti biyar kafin lokaci, don wasu gidaje minti 15 kawai suke riƙe tebur. Ka duba ko suna da ƙa'idar sutura, ni dai na sha zuwa da kaftani da hula, ban taɓa ganin komai ba sai girmamawa. Cokula ana farawa da na waje a shigo ciki, farantin burodinka na hagu, kofinka na dama. Su da hagu suke riƙe cokali mai yatsu. Kai ka yanka abincinka, ka ajiye wuƙa, ka mayar da cokalin dama ka yi bismilla, ba mai cewa uffan. Ka jira a kawo wa kowa kafin ka fara. Ba a tafa wa ma'aikaci, ba a yi masa tsaki ko ƙyasta yatsa, haɗa ido da ɗan ɗaga hannu ya isa. In ka gama, ka haɗa wuƙa da cokali wuri ɗaya a faranti. Za su tambaye ka ruwa mai gas ko marar gas, duka na kwalba ne na kuɗi, ka ce ruwan famfo kake so, duk gidan da ke da lasisin sayar da giya doka ta wajabta masa ba da shi kyauta.

Maganar kuɗi, kada ka tafi da al'adarmu ta cewa wanda ya gayyata shi ke biya. Wataƙila malamin ya biya, wataƙila a raba, don haka ka je da katinka da kuɗi a ciki, wasu wuraren ma ba sa karɓar tsaba. Farashin da ka gani ya haɗa da harajin VAT na kashi 20 cikin 100. Abin da ake ƙarawa a ƙasan takarda shi ne ladan hidima, mafi yawa a Landan kashi 12.5 cikin 100. In an sa shi, ba sai ka ƙara tukwici ba. Ba dole ba ne, amma ni ina biya da zuciya ɗaya, musamman tun Oktoban 2024 da doka ta ce kuɗin nan gaba ɗaya na ma'aikata ne, mai gida ba shi da ikon yanka. In za a raba daidai alhali sauran sun sha kwalaben giya, ka faɗa cikin ladabi tun kafin na'urar kati ta iso cewa naka za ka biya.

Saura abin da ya fi nauyi a raina, kuma ba zan ɓoye maka ba: za a sha giya a teburin. Akwai hadisin da ya yi hani ga zama a teburin da ake zagayawa da ita, ban ɗauke shi da wasa ba, kai ma kada ka ɗauka. Ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa, wanda ya san zaman ƙasar nan, halin da kake ciki tun kafin ranar. Abin da nake yi ni, in ina da ta cewa nakan nemi a mayar da zaman na rana, lokacin da shan bai da yawa. In babu hali, nakan zauna a gefe, in sa a ɗauke kofin giyar da ke gabana tun farko, in nemi lemon elderflower ko ruwan tuffa, in ci abincina, in yi maganar da ta kawo ni, da an ce a wuce mashaya sai in yi godiya in kama hanya. Ka lissafa sallarka ma, don a Disamba magariba na faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, a Yuni kuwa sai bayan 9 na dare.

In ka samu jerin abincin gidan, ka ɗauko hotonsa ka sa a nan kafin ranar, mu bi shi tare layi-layi in nuna maka waɗanda za ka tambaya a kansu. Allah ya ba da sa'ar karatu.