Farar hula a bango: wane littafin Amish zan saya na Kirsimeti?

*Anti, barka da aiki. Ina zaune a Columbus, jihar Ohio ta Amurka. Akwai abokiyar aikina Kirista, duk sallah sai ta aiko wa yarana da kayan zaƙi, kuma yaba kyauta tukwici. Ta taɓa ce min tana son labaran gano mai laifi da ake ginawa lokacin Kirsimeti a ƙauyukan Amish, wata ɗarikar Kiristoci a nan Amurka masu gudun kayan zamani. Na shiga shago na tarar da su rututu, kowanne da mace mai farar hula da keken doki cikin dusar ƙanƙara. Wanne zan ɗauka?*

Ƙanwata, bangon nan shi ne tarkon. Littattafai iri uku ne ke sanye da wannan farar hular, kuma ba uwarsu ɗaya ba.

Mafi yawa a kantar shago na soyayya ne: bazawara da kafinta, ana ta sunkuyar da kai har a ɗaura aure. Akwai kuma na tashin hankali, irin jerin da Linda Castillo ta fara a 2009, inda jarumar shugabar 'yan sanda ce da ta tashi a gidan Amish ta fita. Rubutu ne mai kyau, amma akwai jini da gawarwakin da aka wulaƙanta, ba abin naɗewa a takardar kyauta ba ne sai kin san mutum sosai. Wanda abokiyarki take nufi shi ne na uku, wanda masu shago ke kira cozy mystery. A cikinsa ana iya kashe mutum, amma ba a gaban idonki ba. Babu batsa, babu ashar, mai binciken kuma ba jami'a ba ce. Mai sayar da alewa ce, ko mai ɗinka mayafan gado, mace mai kunnen jin tsegumi, ta wajen hali jikar Miss Marple ce, tsohuwar nan mai gano masu laifi a littattafan marubuciya Agatha Christie.

Ki juya bayan littafin ki karanta. In kin ga gawa a bayan shagon burodi, ga kakar jaruma ana zarginta, ga wata akuya ko kyanwa mai ɓarna, sannan kin buɗe shafukan ƙarshe kin tarar da yadda ake haɗa wani kek, to kin kama dahir. Sau da yawa sunan littafin ma wasa da kalma ne a kan abinci.

Abin da ya sa nake son wannan rukunin, wurin da kansa yana taimaka wa labarin. Amish na gargajiya ba sa jawo wutar lantarki cikin gida, wayar tarho kuma takan zauna a wata 'yar rumfa a bakin hanya, gidaje da dama suna tarayya a kanta. Babu kyamarar tsaro, ba sa son a ɗauki hoton fuskarsu, kuma sun fi so a kashe magana a gaban bishop, wato shugaban cocinsu, da dattawan coci maimakon a kai ta wajen hukuma. Ɗan sanda zai zo da littafinsa da biro, a gaishe shi da ladabi, ya koma hannu rabbana. Matar da ta iya harshensu, ta zauna a kicin ana murza ƙullu, ita za a gaya wa wanda aka ji kofaton dokinsa ya wuce da tsakar dare. Marubucin kirki da irin wannan yake warware ƙulli: sawun ƙafar keken doki a kan ƙanƙara, fitilar kananzir da aka gani a rumbu lokacin da kowa ya kwanta. Rago kuwa sai ya ba jarumar wayar salula ta gama komai a shafi biyu. Ki karanta babin farko a tsaye a shagon, za ki gane wanne ne a hannunki.

Tunda a Ohio kike, ki nemi wanda aka gina a gundumar Holmes. Tafiyar kusan awa biyu ce daga Columbus, wataƙila abokiyar taki ta taɓa zuwa sayen cuku a can, za ta ji daɗin ganin wuraren da ta sani.

*Malama, 'yata mai shekara 14 ta nace sai na saya mata irin waɗannan littattafai don ta ƙara Turanci. Ni malamin makaranta ne a Zariya. Suna da tsabta? Kuma za ta san mutanen da gaske?*

Malam, ta fuskar tsabta hankalinka ya kwanta, muddin ka tsaya a rukunin da na bayyana a sama. Abin da za ka duba shi ne kamfanin ɗab'i. Bethany House da Zondervan da Guideposts na Kirista ne, littattafansu na ɗauke da addu'o'i da ayoyin Baibul a bayyane. Na Kensington da Berkley don kowa ake buga su, addinin yana nan a matsayin rayuwar mutanen labarin, ba a yi wa mai karatu wa'azi. Kai ka san gidanka, sai ka zaɓa.

Batun sanin mutanen kuwa, ka ja mata kunne. Akasarin marubutan ba Amish ba ne. Kamar baƙo ne ya yi sati biyu a Kano ya koma ya rubuta labarin bikin Hausawa, wani abin zai dace, wani ya sha bamban. Asalin Amish daga Suwizalan da yankin Alsace na Faransa ta yau ne, sun ware daga ɗarikarsu ta asali a 1693 ƙarƙashin Jakob Ammann, suka fara ƙaura zuwa Pennsylvania ta Amurka a ƙarni na 18. A gida wani karin Jamusanci suke yi, duk wanda ba nasu ba kuma “English” suke ce masa ko daga ina ya fito. Kirsimetinsu ba ta da hayaniya. Babu bishiyar ado, babu tsohon nan mai jar riga da farin gemu. Ranar 25 ga Disamba ta iyali ce da natsuwa, 26 ga wata ita ce “Kirsimeti ta biyu” ta ziyara da ciye-ciye, wasu kuma suna kiyaye 6 ga Janairu. Babban abin da yara ke ɗoki shi ne taron makarantarsu mai ɗaki ɗaya, inda suke rera waƙoƙi da karanto baitoci a gaban iyaye. Idan 'yarka ta ga falon bishop da bishiya mai ƙyalƙyali a cikin labari, ta san marubucin bai yi aikin gida ba. Kai malami ne, ka sa ta riƙa zaƙulo irin waɗannan kurakuran, Turancin zai fi zama.

*Anti, na takarda ko na waya? Ina Maraɗi.*

Na waya, 'yar uwa. Kuɗin aiko da ɗan ƙaramin littafi daga Amurka yakan fi kuɗin littafin. Manhajar karanta littattafai ta Kindle tana ba da ɗanɗanon shafukan farko kyauta, ki fara da shi kafin ki cire ko sisi. Abu biyu za ki lura da su. Na Kirsimeti galibi ba shi ne na farko a jeri ba, kuma yakan tona wanda ya yi kisa a na baya, don haka in kina da niyyar bin jerin ki fara daga na ɗaya. Sannan a lokacin Kirsimeti ana yawan haɗa gajerun labarai uku ko huɗu a bango guda, wani lokaci tsofaffi ne aka sake wa riga. Ki duba shafin da ke bayan sunan littafi, shekarar da aka fara buga kowanne tana nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe.