Steve Jobs: a yabe shi ko a yi tir da shi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace a riƙa yabon Steve Jobs alhali ana cewa ba shi da kirki. Ni dai ina yabon aikinsa, amma ba zan ce wa ɗana ya yi koyi da halinsa ba.

Shi da Steve Wozniak suka kafa kamfanin kwamfuta na Apple a 1976, rikici ya fitar da shi a 1985. Da ya dawo a 1997 kamfanin na gab da durƙushewa. Ya soke tarkacen kayan da suke ƙerawa, ya tsaya a kan 'yan kaɗan, har aka kai ga iPhone a 2007. Wannan ba mai ƙwace masa. Sai dai Wozniak ne ya zauna ya haɗa kwamfutarsu ta farko da hannunsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 'yarsa Lisa. An haife ta a 1978, ya yi shekaru yana musun cewa tasa ce, har bayan gwaji ya nuna, uwarta kuwa tana renonta da tallafin gwamnati. Duk da haka ya sa wa wata kwamfuta suna Lisa! Daga baya sun sasanta, ta zauna a gidansa.

Kar kuma a manta da ma'aikatan kamfanin Foxconn a birnin Shenzhen na ƙasar China, masu haɗa iPhone, inda da dama suka kashe kansu a 2010. Jobs ne shugaban Apple a lokacin, kuma da guminsu aka ci riba.