Me ya sa tsohuwar kwamfutata ta fi sabuwar yawan GHz?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfutar teburin da na yi aiki da ita wajen 2005 furosesarta 3GHz ce. Kwanan nan na sayi sabuwar laftof, sai na ga an rubuta 2.4GHz. Baya aka koma ne, ko kuwa an cuce ni?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, ba wanda ya cuce ka.

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, GHz kuwa ƙidayar bugun agogonta ce, 1GHz na nufin bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa. Furosesar Intel 4004, wadda ta fito a 1971 don injin lissafi na kamfanin Busicom na Japan, bugu 740,000 kacal take yi a daƙiƙa, da tiransista (ƙananan makunnan lantarki) 2,300 a cikinta. Daga nan aka shafe shekara talatin da ɗoriya ana ƙanƙanta tiransista, ana ƙara gudun agogo, har furosesar Intel mai suna Pentium 4 ta kai 3.8GHz a 2004.

A nan zafi ya ce kul. Wasu Pentium 4 na cin wuta sama da wat 100. Ka tuna tsohon ƙwan lantarki mai wat 100, wanda ba ka iya taɓawa in ya jima a kunne? To, irin wannan zafin ne ke fitowa daga abin da bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. Shi ya sa fankar kwamfutocin lokacin ke gurnani kamar injin niƙa. Dole Intel ta fasa fitar da mai 4GHz da ta shirya.

Sai maƙera suka sauya dabara. Maimakon mace ɗaya ta yi ta saurin daka har numfashinta ya ɗauke, sai aka koma lugude: cibiyoyin aiki biyu a furosesa ɗaya. Kamfanonin AMD da Intel duka sun fito da irinsu a 2005, yau kuwa huɗu zuwa takwas ba abin mamaki ba ne. Taɓaryar ma an ƙara mata nauyi, wato aikin da cibiya ɗaya ke gamawa a bugu guda ya ninka na da. Ni a ganina wannan ne babban ci gaban, sai dai ba a liƙa shi a jikin laftof.

Wataƙila ma 2.4GHz ɗin nan gudunta ne na yau da kullum. Yawancin na zamani sukan ƙara gudu da kansu in aiki ya yi nauyi, su sassauta in zafi ya taso. In za ka sake saye, tambayi sunan furosesar da shekarar fitowarta, sannan ka duba cibiya nawa gare ta.