Tambayi Inna: cikin da ya ƙi lafawa

Wasiƙun wannan karo kusan duk kan ciki suka faɗa, na zaɓi uku. Masu tambaya kan ido da haƙori su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Inna. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Tawa, shekaruna 29. Ya fi wata shida cikina ba ya yi mini daɗi. Sai in kwana huɗu ban zaga ba, in na je kuma sai na yi ta nishi, abin ya fito da tauri. Kullum ciki a kumbure, ga gyatsa ga iska. Duk ranar kasuwa ina sayen maganin wankin ciki, in kwana ina murɗa, in samu sauƙi na kwana biyu, sai abin ya dawo. Abokaina sun ce dattin ciki ne, wasu sun ce basir. Da safe burodi da mayonaz nake ci wurin mai shayi, da rana shinkafa da mai da yaji, da dare taliya ko tsire. Ki taimake ni.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Maganin wankin cikin nan ka ajiye shi daga wannan makon. Da yawa daga cikinsu filasko ne ko wani ganye mai irin aikinsa, yana tsikarar hanji ya matso abin da ke ciki da ƙarfin tsiya, ya kwashe maka ruwan jiki da gishirinsa. Shi ya sa kake wayar gari jiki ba ƙwari, bayan kwana biyu kuma a koma gidan jiya. Babu wani datti da ya daskare a ciki wanda sai an wanke duk mako. Mai talla ya faɗa maka haka ne don ka dawo masa.

Ba dole ba ne mutum ya zaga kullum. Daga sau 3 a yini zuwa sau 3 a mako duk lafiya ne, muddin abin na fita da laushi ba tare da nishi ba. Naka ya fita daga wannan sahu, kuma dalilin yana cikin wasiƙarka. Na duba abincinka ina neman wake ko ganye ko tuwo, ban ga ko ɗaya ba. Burodi farar fulawa ce, an raba ta da dusar alkama tun a masana'anta. Shinkafar buhu an goge ta fes. Taliya ma fulawa ce. Dukkansu suna narkewa a ƙaramin hanji su shige jini, ɗan kaɗan ne kawai ke saura ya gangara babban hanji.

A can ƙasa kuwa akwai ƙananan halittu masu rai, tiriliyoyi, waɗanda ba na cuta ba ne, tare muke da su tun muna jarirai. Abincinsu shi ne abin da mu ba mu iya narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, jijiyar ganye, yauƙin kuɓewa da na kuka. In sun ci, suna fitar da sinadaran da bangon hanji ke rayuwa da su. Ita kuma dusar tana riƙe ruwa, bayan gida ya yi auki ya yi laushi, ya fita da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce babban mutum na buƙatar aƙalla giram 25 na irin wannan a yini, da giram 400 na kayan lambu da ƴaƴan itace. Kofi guda na dafaffen wake yana da wajen giram 11. Kofi guda na farar shinkafa bai kai giram 1 ba. Kai ka yi lissafi.

Wata rana ka tsaya ka kalli mata suna surfe. A yayyafa wa hatsi ruwa, a kirɓa a turmi har dusa ta saki, a bakace, a wanke, a kai inji, a dawo a tankaɗe da rariya mai ƙananan ido. Dusar a zuba wa rago, ƙasarin ma a tura masa. Ragon layyar gidanku ya fi ka samun abin da hanji ke so, kuma ban taɓa jin rago ya kwana huɗu bai yi kashi ba. Ban ce a daina surfe ba, don tuwon da ba a surfa ba yara ba sa ci, na sani. A dai sassauta hannu, a bar masa ɗan duhunsa.

Tunda a waje kake cin abinci, ba zan ce ka je ka kafa tukunya ba. Da rana ka nemi mai shinkafa da wake, ka ce mata waken ya rinjayi shinkafar. Ko dambu da zogale, ko kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, waɗannan ba su kai kuɗin tsiren da kake saye ba. Da dare tuwon hatsi ko na dawa, miyar kuka ko ta kuɓewa. Da safe fura da nono ta fi maka burodin nan sau goma. Albasa kuwa, mutumin jihar da ke da Galmi bai kamata a roƙe shi ya ci albasa ba, sai dai in ka lura ɗanyarta na ƙara maka kumburi, ka koma dafaffa. Mangwaro a lokacinsa, gwaiba, dabino, goruba, duk abin da ya samu. Salati da kabeji na lambu a wanke su sosai da ruwa mai tsabta, kada garin neman gira a rasa ido.

Amma kada ka tashi gobe ka cika kwano da wake, iska za ta hana ka sakat har ka ce Inna ta cuce ka. Ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako biyu ko uku, cikin zai saba. In a gida ake dafawa, a jiƙa waken ya kwana, a zubar da ruwan jiƙon kafin a ɗora.

Sai ruwa. Mutumin da ke yini kan babur a ranar Tawa, a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, in bai sha ruwa ba dusar ma ƙara masa tauri za ta yi. Ka ɗaura gora a babur. Fitsarinka ne ma'auni: in ya yi kaɗan ya yi duhu, ruwa bai isa ba. Kuma na san halinku, zagawa ta taso, fasinja ya ɗaga hannu, sai ku danne. Duk lokacin da ka danne, hanji na ƙara tsotse ruwan abin. Ka ba kanka lokaci da safe bayan karin kumallo, lokacin ne hanji ya fi motsi.

Basir da abokanka ke faɗa, yawan nishin nan ne ke kawo shi, in ciki ya yi laushi galibi yana lafawa. Amma in ka ga jini, ko kana ramewa ba dalili, ko amai, ko zazzaɓi, ko ciwon da ke tashinka daga barci, ba kai za ka yanke hukunci ba, ba abokanka ba. Ka je likita. Haka ma in ka yi wata guda kan wannan tsari ba canji, ka je a auna bayan gidanka, don tsutsar ciki da amiba ba sa jin zogale.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Ni ƴar kasuwa ce a Wadata, Yamai, shekaruna 46. Ƙwannafi ya dame ni, ga zafi a ƙahon zuciya musamman in ban ci ba, har tsakar dare yana tada ni. Ina shan madara, wani lokaci ruwan kanwa, yana kwantawa ya sake tashi. Ina kuma da ciwon baya, kusan kullum sai na sha diklofenak kafin in fita. Wane abinci zan bari?

Amsa: Barka kadai ƙanwata. Kin tambayi abinci, ni kuwa idona na kan ƙwayar da kika ambata a ƙarshe. Diklofenak da ibufurofen da asfirin dangi ne, suna rage kariyar da ke hana ruwan tsamin ciki cin bangon tumbi. Mai shan su kullum, ballantana ciki ba komai, yana kiran gyambon ciki da kansa. Ki dakatar da ita, ki riƙe farasetamol kafin ki ga likita, ki kuma faɗa masa gaskiyar yawan da kike sha.

Ɗayan abin da ke kawo gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, tana zama a bangon tumbi shekara da shekaru, kuma ta yi yawa a ƙasashenmu. Likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a farkon shekarun 1980, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Kafin su, ana ɗora laifin kan yaji da yawan tunani. Ana gane ta ta hanyar awo, har da na bayan gida, maganinta kuma haɗi ne: magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla iri biyu da mai rage tsamin ciki irin su omefurazol, kwana 10 zuwa 14, a shanye duka. Babu abincin da ke kashe ta.

Madara tana sanyaya wurin na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo tsami. Kanwa ma kwantarwa take yi kawai, ga ta da gishiri mai yawa, a shekarunki kuwa hawan jini ba ya sallama. Abin da abinci zai yi miki shi ne rage azaba: ki ci kaɗan-kaɗan, kada ki yini a rumfa da goro da shayi kawai sai dare ki cika ciki ki kwanta. Ki bar awa uku tsakanin tuwon dare da barci. Soye-soye da yaji da lemun kwalba ki lura da wanda ke taso miki, ki bar shi, ba sai kin haramta wa kanki komai da komai ba.

Ki je a auna ki cikin makon nan. In kuwa bayan gida ya koma baƙi ƙirin mai danƙo alhali ba kya shan maganin ƙarin jini, ko kika yi aman jini, ko abinci ya fara tsaya miki a maƙogwaro, ki rufe rumfa a ranar ki tafi asibiti.

Tambaya: Inna, ɗana mai shekara 2 yana zawo kwana biyu. Uwar mijina ta ce a hana shi mama da fura sai ya tsaya, a kuma sayo masa Flagyl wurin mai tebur. Ni ce ƴarki daga Madawa.

Amsa: Ƴata, ki gaishe mini da ita, ki ce mata na roƙe ta kada a hana shi komai. Zawo ba yunwa ke tsayar da shi ba, rashin ruwa ne kuma ke kashe yara. Ki ci gaba da ba shi mama, da kunu, da duk abin da ya karɓa. Ki karɓo ruwan gishiri da sukari na fakiti, SRO, a likita ko faramasi, a kaɗa fakiti guda cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, ki ba shi bayan kowane zawo. In babu, lita guda ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki haɗa da ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya.

Flagyl ba a ba yaro sai likita ya rubuta. Yawancin zawon yara ba irin wanda take magancewa ba ne, sai dai ta kashe masa halittun hanji masu amfani a banza. Nono mai tsami yana da kyau gare shi, amma ki tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, kuma da ruwa mai tsabta aka dama furar. In kin ga jini a zawon, ko idanunsa sun faɗa, ko ya ƙi sha, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko jikinsa ya saki, ki goya shi ki tafi likita, ko da dare ne.