Tambaya da Amsa: Wane ne mai zanen nan da ya ɗaga katin shaida?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, na ci karo da wani zane a intanet, mutum ne da hula da kwat ya ɗaga katin shaida, ga tauraro ruwan ɗorawa a jikin rigarsa, bayansa kuma doguwar katanga. Wallahi idanunsa sun ƙi fita a raina. Shi wane ne, kuma me ya same shi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sunansa Felix Nussbaum, Bayahude ne ɗan Jamus, an haife shi a garin Osnabrück a 1904, kuma kansa ya zana a wannan hoton a 1943 lokacin yana ɓoye a Brussels ta Beljiyam.

Yana karatun zane a Rum Hitler ya hau mulki a 1933, daga nan gida ya gagare shi, shi da Felka Platek wadda ya aura daga baya, ita ma mai zane ce, suka yi ta yawon gudun hijira har suka yada zango a Beljiyam. Abin da ya fi ci min rai, da sojan Jamus suka shigo ƙasar a Mayun 1940 sai hukumomin Beljiyam suka kama shi wai ai shi Bajamushe ne abokin gaba, mutumin da Jamus ɗin ta kora fa! Aka tura shi sansanin Saint-Cyprien a kudancin Faransa, Allah Ya ba shi sa'a ya tsere ya dawo wurin matarsa.

Ki koma ki duba zanen da kyau, da hannunsa yake ɗaga wuyan kwat ɗin don a ga tauraron da aka tilasta wa Yahudawa maƙalawa, katin kuma an buga masa JUIF-JOOD da manyan baƙaƙe, wato Bayahude da Faransanci da yaren Holan. Ke da kike kallo ya mayar da ke kamar ɗan sandan da ya tare shi a lungu, shi ya sa idanun suka tsaya miki a rai.

A Yunin 1944 aka gano maɓoyarsu aka kama su, ran 31 ga Yuli aka zuba su a jirgin ƙasa daga sansanin Mechelen zuwa Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi, wato mutanen Hitler, suke hallaka Yahudawa, inda aka kashe su, haka iyayensa, ɗan'uwansa kuma ya rasu a wani sansanin na daban. Sati biyar kacal bayan tashin jirgin aka ƙwato Brussels daga hannun 'yan Nazi. Zanen da kika gani yana nan a gidan tarihin da aka buɗe da sunansa a Osnabrück a 1998.