Tambaya da Amsa: Tabar gari da hunturu sun haɗu sun farfasa min hanci

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya sanyi. Ni mai gadi ne a wani sito na hatsi a nan Funtuwa, kuma ba zan ɓoye maka ba ina shaƙar tabar gari yau wajen shekara tara kenan, ita ke hana ni gyangyaɗi in dare ya raba. To duk shekara da zarar hunturu ya kama sai bakin hancina ya bushe ya tsattsage kamar faso, ya yi ɓawo, in na ɓare ya yi jini, ran nan ma da asuba ina alwala na shaƙi ruwa wallahi sai da na yi hawaye. Na shafa Robb abin sai ya ƙaru. Abokin aikina ya ce in dangwali basilin a auduga in cusa ciki in kwanta da shi. Meye mafita? Amma don Allah kar ka ce min in daina, na sha ji.
Mai gadi, daga Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, sannu da ƙoƙari, gadin dare a sanyin Funtuwa ai sai mai haƙuri. Maganar dainawa zan ajiye ta gefe tukunna, amma ban yi alkawarin ba zan dawo mata ba.

Abu biyu ne suka yi wa hancinka taron dangi. Daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu iskar da ke busowa daga hamada ba ta da laima ko kaɗan, ga ƙura, wadda da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, shi ya sa ko wanda bai taɓa ganin taba ba za ka ga leɓensa ya fashe, yara na ta haɓo. Na biyun kuma shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba, wato kanwa. Masu daka taba suna haɗa ta da kanwa ne don ta yi ƙarfi, kanwar ce ke sa nikotin ya ratsa fata da sauri ka ji ta cau a ka, to kuma ita ɗin ce dai ke cin fatar. Ka tuna yadda mata ke jefa kanwa a tukunyar wake don ya yi saurin nuna, haka take yi wa ƴar siririyar fatar cikin hanci. Kuma daidai inda garin ke sauka, jikin bangon nan da ya raba ƙofofin hanci biyu daga gaba-gaba, nan ne ƙananan jijiyoyin jini suka taru a sama-sama, yawancin haɓo daga nan yake ɓallewa.

Robb kam ka rabu da shi a wannan wajen. Shi da ire-irensa mantol da kafur ne a ciki, na shafa wa ƙirji ne, a kan fatar da ta riga ta tsage sai dai su ƙara raɗaɗi. Ita ma tabar zamanin nan ta ƴan ƙananan robobi mai ƙamshin minti, sanyin da kake ji yaudara ce, ba ta fi ta tsofaffi sauƙi ba.

Abokin aikinka ya kusa gaskiya amma ya zarce. Basilin ko man kaɗanya mai tsabta suna da kyau, ni na fi son man kaɗe ma, sai dai ɗan kaɗan ake so, kamar ƙwayar dawa, ka murza a ɗan yatsa ya narke ka shafa a bakin hancin da ɗan ciki iya inda yatsa ya kai ba tare da ka tura ba. Cusa auduga cike da mai a kwanta da ita ba dabara ba ce, don in aka daɗe ana haka maiƙon na iya silalewa ya gangara huhu ya jawo wani ciwon daban, ba kasafai ake samu ba amma me ya yi zafi. Lokacin shafawa kuma ya fi yawan man muhimmanci: bayan kowace alwala, ka tsane hancin da ƙyalle mai laushi ta hanyar dannawa a hankali ban da gogewa, sannan ka shafa nan take kafin iska ta busar da wajen. Ruwan asuba a ɗan ɗumama shi, tunda na san ba ka rasa ƴar wutar da kake jin ɗumi a bakin get.

Ɓawon nan kuma kar ka ƙara ɓare shi da farce, ka jiƙa shi ya faɗo da kansa. Ka tafasa ruwa kimanin ledar fiya wata ɗaya, rabin lita kenan, ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya shafaffe ba mai tozo ba, in ya huce ka riƙa shaƙa kaɗan kana facewa a hankali safe da yamma, kullum ka haɗa sabo. A kemis ma akwai irinsa na ɗigawa. Da daddare ka rufe hanci da rawani ko takunkumi, numfashinka da kansa zai riƙe maka laima, ba banza Buzaye ke yin amawali ba.

In jini ya ɓalle kar ka ɗaga kai sama kamar yadda aka saba, jinin makogwaro zai bi. Ka zauna ka ɗan sunkuyo, ka matse tattausan wajen hancin minti 10 zuwa 15 ba sakewa. In ya ƙi tsayawa, ko bakin hancin ya kumbura ya yi ja yana mugunya, ko gyambon ya haura sati uku bai warke ba, to asibiti, wajen likitan kunne da hanci da makogwaro, kuma kar ka kuskura ka matse ƙurji a cikin hanci. In ka je ka ce su auna maka jini, don nikotin na ɗaga shi.

To na dawo maganar da na ajiye. Duk man da za ka shafa, in dai kana bin ciwon da gari mai kanwa sau goma a dare, kamar mai share ɗaki ne ana watsa masa ƙasa ta taga. Ka ba hancin hutu ko na kwana goma ne ya haɗe, kwana ukun farko ne za ka ji jiki, ciwon kai da saurin fushi, daga nan abin yana lafawa. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa tabar da ba a kunnawa, ta shaƙa da ta gunɗawa a baki, cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, rashin hayaƙi bai wanke ta ba. Batun gyangyaɗi, ka riƙe fulas na shayi da ɗan goro, in ka ji ido na rufewa ka tashi ka zaga siton da tocila. Ka rubuto min bayan kwana goman in ji yadda hancin ya yi.