Kunci ɗaya ya lotsa: abin da dashen kitse ke iya gyarawa

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 15. Tun tana 'yar shekara 9 kuncinta na hagu ya fara lotsawa a hankali, yanzu fatar wurin ta yi duhu ta yi tauri. Ba ta jin ciwo, tana rufe ido tana murmushi lafiya lau. An ce mana ana iya ɗebo kitse daga jikinta a cika wurin. Gaskiya ne? Kuma sau ɗaya ake yi a gama? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ne, ana yi, amma ba da allurar kitsen ake farawa ba. Sai an fara sanin abin da ya cinye naman wurin.

Tunda tana rufe ido tana murmushi daidai, ba shanyewar jijiyar fuska ba ce, wadda kitse ba ya dawo mata da motsi. Yadda kika zayyana ya fi kama da ciwon da ake kira Parry-Romberg, da sunan likitoci biyu: Caleb Parry na Ingila, wanda bayaninsa ya fito a 1825, da Moritz Romberg na Jamus a 1846. Yakan fara kafin shekara 20, ya fi kama mata, yana cin kitsen ƙarƙashin fata a ɓari ɗaya, wani lokaci har tsoka da ƙashi. Yakan yi shekaru yana ci, sannan ya tsaya da kansa. Ba shi kaɗai ke lotsa fuska ba: tsohon rauni, ƙona ciwon daji da hasken na'ura, allurar sitiroyid da aka yi a wurin, da wasu tsofaffin magungunan HIV duk suna yi. Sai likita ya gan ta ido da ido zai tantance. Ku faɗa masa idan tana yawan ciwon kai, ko ta taɓa farfaɗiya, ko idon ɓarin ya fara faɗawa ciki, domin waɗannan kan sa a ɗauki hoton MRI na kai a kuma kai ta wurin likitan ido.

Duhu da taurin fatar na iya nuna ciwon bai kwanta ba. Idan haka ne, likitan fata ko na garkuwar jiki ne kan gaba, da magunguna irin su metotireksat da sitiroyid. Yawancin likitocin tiyata sukan jira shekara ɗaya zuwa biyu ba tare da lotsawar ta ƙaru ba, don ciwon da ke ci zai iya cinye sabon kitsen ma. Wasu kan yi da wuri idan yarinya ta shiga damuwa har tana ƙin shiga mutane, da sanin cewa za a maimaita. Ku riƙa ɗaukar ta hoto duk wata uku, a wuri ɗaya, da haske iri ɗaya, ta gaba da ta gefe. Ido yakan saba, hoto ba ya sabawa.

Aikin kansa ba sabo ba ne. Gustav Neuber ya dasa kitse a fuska a Jamus tun 1893, sai dai hanyar da aka fi bi yau ita ce wadda Sydney Coleman na Amurka ya daidaita a shekarun 1990. Ana tsiyaya ruwan gishiri mai maganin kashe zafi da na rage zubar jini a ƙarƙashin fatar ciki ko ta cinya, a zuƙo kitsen da siririn bututu mai dakusasshen baki da sirinji mai mililita 10, a hankali da hannu, don zuƙa da ƙarfi tana fasa ƙwayoyin kitsen. Sai a sa sirinjin a injin da ke juyawa sau 3,000 a minti, na minti 3. Abin yakan rabu gida uku: mai a sama, jini da ruwa a ƙasa, kitse mai rai a tsakiya. Na tsakiyan kaɗai ake so. Wasu likitoci wankewa suke yi su tace, ba laifi.

Wurin sakawa ne gwaninta take. Ana mayar da kitsen cikin sirinji mai mililita 1, a shigar da bututu ta ƙaramar huda, a riƙa ajiye kusan kashi ɗaya cikin goma na mililita yayin da ake janyo bututun baya, layi bayan layi, a zurfi daban-daban. Dalili kuwa, kitsen dashe ne mai rai, kamar dashen shuka: a kwanakin farko ba shi da jijiyar jini tasa, ruwan naman da ke kewaye da shi yake sha, kuma abin da ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu daga lafiyayyen nama ba ya samun rabo. Idan aka jibge shi dunƙule guda, tsakiyarsa ta mutu, ta zama ƙululun mai ko tauri kamar tsakuwa. Wurin da ya lotsa kuma dama fatarsa a matse take, jininsa kaɗan ne, don haka abin da zai ɗauka a zama ɗaya ba yawa, sau da yawa mililita 10 zuwa 40 gwargwadon faɗin wurin. Shi ya sa amsar tambayarki ta biyu ita ce a'a: ku sa ran zama biyu zuwa huɗu, da tazarar wata 3 zuwa 6. Zama na biyu yakan fi kamawa, don na farko ya riga ya tausasa fatar.

Idan hoton CT ya nuna ƙashin kunci ko muƙamuƙi ma ya ƙanƙance, kitse kaɗai ba zai daidaita fuskar ba. Nan ake gyaran ƙashi, ko a ɗauko nama da jijiyoyin jininsa daga cinya ko baya a haɗa su da na fuska, sannan a gyara gefe-gefe da kitse.

Tambaya: An yi mini dashen kitse wata 3 da suka wuce. Makon farko kuncin ya cika har ya fi ɗayan, yanzu kusan rabi ya tafi. An cuce ni ne? Daga wani matashi.

Amsa: Malam, ba lallai ba. Cikar makon farko yawancinta kumburi ne, yakan sace cikin mako 2 zuwa 4. Bayan haka jiki yana shanye kitsen da bai kama ba, wani kashi ɗaya cikin uku, wani rabi ko fiye, kuma babu likitan da zai iya faɗa maka adadin tun kafin aiki. Abin da ka gani a wata na shida shi ne naka. Shan taba, ciwon suga da ba a kula da shi ba, kwanciya a kan ɓarin, murza wurin, da ramewa a watannin farko duk suna rage abin da zai zauna. Ka kuma sani kitsen yana bin halin inda aka ɗebo shi: idan ka yi ƙiba nan gaba, kuncin zai iya fin ɗan'uwansa. Ja, zafi, ko ƙululu mai fitar da ruwa ba na jira ba ne, ko da makonni bayan aikin ne, don akwai ƙwayoyin cuta masu jinkirin bayyana.

Tambaya: Na ji ana makancewa. Ba gara allurar cika fuska da ake yi a wuraren gyaran jiki ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, makantar gaskiya ce ko da yake ba kasafai ba, kuma ta shafi duka biyun. Jijiyoyin jinin tsakanin gira, gefen hanci da gefen goshi suna haɗe da wadda ke ciyar da ido. Idan bakin allura ya shiga ɗaya aka danna da ƙarfi, abin ya bi ta ya toshe ta ido, wani lokaci har ta ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Don haka ake amfani da bututu mai dakusasshen baki, a saka kaɗan-kaɗan ba tare da matsa lamba ba. Allurar cika fuska ta sinadarin hayaluronik tana da maganin narkar da ita, kitse ba shi da shi, amma takan ƙare cikin wata 6 zuwa 18, kuma babbar lotsawa tana cin ta da yawa. Wanda ba a yarda da shi ko kaɗan shi ne ruwan silikon ko wani mai da ba a san asalinsa ba: yana yawo cikin nama, ya yi ƙululu bayan shekaru, cire shi kuma sai da yanka. Kafin ki yarda a taɓa fuskarki, ki tambayi sunan abin da za a saka, ki ga kwalinsa a rufe, ki kuma tabbatar mai yin aikin likitan tiyatar gyaran jiki ne ko na fata mai lasisi.